Wada Mai Agogo Ba Ya Zama Ƙarƙashin Mace

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a tashar motocin Kudai yana neman tsaraba ya san shagon agogon nan da ke tsakanin mai akwatuna da mai turare. In ma bai san shagon ba, ya san muryar mai tsaronsa, domin Ustaz Wada ba ya magana a hankali ko da kuɗin batir zai faɗa maka. Dogo ne siriri, da gemu mai furfura da yake tajewa bayan kowace salla, da agogo biyu a hannu ɗaya. Na sama yana nuna lokacin Makka, na ƙasa lokacin Ɗanbatta, garin da rabonsa da shi tun yana saurayi.

Shagon ba nasa ba ne. Na wani Balarabe ne, kafilinsa, wato mutumin da Wada ke zaune a ƙasar da sunan yi wa aiki. Amma idan alhaji ya tambaye shi, "Malam, shagonka ne?" sai ya shafa gemu ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, kuma a tsakanin waɗannan biyun ya yi kusan shekara talatin yana zaune daram.

Ustazancin ma haka yake. Neman ilimi ya kawo shi Makka a shekarar 1990. Ya zauna a wata makaranta shekara biyu, jarrabawa ta kayar da shi sau biyu, ya fito da rawani da 'yan kalmomin Larabci masu kauri. Ilimin ya tsaya a makarantar, sunan ya biyo shi kasuwa.

Babbar sa'ar da Wada ya taɓa yi a duniya ita ce Asiya, kodayake ko za a yanka shi ba zai yarda ba. 'Yar Hausawan Sudan ce, haifaffiyar Mai Wurno, ta karanta aikin ungozoma a Madani, gwamnati ta ɗauko ta aiki a wani asibitinta na Makka. Da suka yi aure, a Nakkasa suka fara zama, ɗaki biyu a kan dutse, sai ka hau matakala har numfashinka ya ɗauke kafin ka ga ƙofa. Da albashinta ya ƙaru suka sauko Kudai, hawa na uku, da na'urar sanyaya ɗaki da ruwan famfo. Ita ke biyan haya, ita ke cefane, ita ke ɗinkin salla. Albashinsa kuwa a jallabiya da turare da shayin majalisa yake ƙarewa. Amma je ka ji shi a waje: "Na kama wa iyali gida a Kudai." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Asiya ba ta taɓa tona masa asiri ba, shi kuma ya ɗauki shirun nata a matsayin shaida.

Abu ɗaya ne nasa na kansa wanda ba mai ja da shi a kai. 'Ya'yansu uku, Salwa da Luƙman da Minnatullah, duk a kan iƙamarsa aka rubuta su, wato katin zamansa a ƙasar. Ita Asiya tana da nata katin na aiki, babu kowa a ƙarƙashinta. Wada kan zaro nasa daga aljihun gaba ya kaɗa shi ya ce, "Rai uku a wuyana." Ka rantse shi yake ci da su.

A cikin ukun, Salwa ce 'yar lelensa, kuma wannan son na gaskiya ne, ba irin na shafa gemu ba. Ita ce ta fari. A Makka aka haife ta, a Makka ta tashi, Hausarta duk a karkace, rabi Larabci. Ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, burinta ta gama sakandare ta bi sawun uwarta a aikin asibiti. Ita kaɗai ce a gidan take iya yi masa dariya a gaban idonsa ya bar ta. Ita ce kuma take riƙe masa waya duk lokacin da za a sabunta wata takarda, domin shi Ustaz bai san inda ake dannawa ba. Tun tana aji huɗu yake kiranta Daktora.

A tsakiyar 2017 aka sa wa baƙi haraji a kan iyalansu. Kowane mutum da ke ƙarƙashin katinka, riyal ɗari a wata, kuma an faɗa tun farko cewa baɗi zai zama ɗari biyu, shekarar da ke bin ta ɗari uku. Sai ka biya na shekara gaba ɗaya kafin a sabunta maka iƙama. Hausawan Kudai suka shiga taitayinsu. A majalisar da suke yi bayan La'asar a gaban wata bufiya, ɗan shagon abinci inda ake shan shayi da burodin tamis, ba a sake hirar ƙwallo ba.

A nan ne Dawuda ya kawo labari. Dawuda mu'aƙƙib ne, aikinsa yawon ofisoshi da takardun mutane, ya san kowace taga da kowane layi. Ya ce harajin a kan masu yi wa 'yan kasuwa aiki yake, wanda gwamnati ta ɗauka da kanta an ɗauke masa.

"To ku da matanku ke asibitin gwamnati," in ji shi, "rangwamen yana nan kwance a kan katinsu, ba mai morarsa. A mayar da yaran can, halas, shi ke nan. Uba ya je Jawazat, ofishin shige da fice, da matarsa, ya sa hannu ya ce ya yarda. Ba kuɗi, ba wahala."

Mutum biyu ne maganar ta shafa a majalisar: Wada, da Rabi'u direban bas, wanda matarsa ke aiki sashe ɗaya da Asiya. Rabi'u mutum ne mara hayaniya. Ya shanye shayinsa, kafin sati ya zagayo ya je ya sa hannu, 'ya'yansa huɗu suka koma katin uwarsu.

Ranar da labarin ya iso majalisa, Wada ya samu abin yi. Ya miƙe tsaye, ya gyara rawani, ya ja wata aya da bai ƙarasa ba, sannan ya juya ya dubi Rabi'u.

"Ya shehu, yanzu kai meye a gidan? Direba a waje, direba a ciki? Jama'a, ku gaida mijin Hajiya!"

Aka kwashe da dariya, domin mutanen da tsoro ya cika wa ciki ba sa rasa son abin dariya. Wada ya ga kasuwa ta buɗe, ya ci gaba. Kullum Rabi'u ya iso sai ya duba agogo ya ce, "Hajiya ta ba ka izinin fitowa? Zuwa ƙarfe nawa?" Suna ya bi Rabi'u har tasha, har yaran mota suna kiransa da shi. Rabi'u dai sai ya yi murmushi ya ce, "Yarana suna makaranta, Ustaz." Wada bai ji wannan amsar ba, dariyar jama'a ta cika masa kunne.

A gida Asiya ta same shi yana cin abincin rana. Ta zauna nesa kaɗan, ta bari ya kusa ƙoshi.

"Abu Salwa, matar Rabi'u ta gaya mini yadda suka yi. Mu ma mu je mana. Hutuna ranar Talata ne."

"Ki sake faɗa in ji."

"Sa hannu ne fa kawai. Yaran naka ne, sunanka suke amsawa, ba wanda zai canja wannan."

"Ni Wada in kai 'ya'yana ƙarƙashin mace? In mutu tukun." Ya ture kwanon, bayan ya tabbatar ba sauran nama a ciki. "Zan biya. Namiji ne ni."

An biya ɗin. Asiya ta cire awarwaron zinaren da uwarta ta ba ta ranar aure, ta kai kasuwa, ta dawo ta ajiye masa kuɗin a kan darduma. Bai tambaye ta inda ta samo ba, ita ma ba ta faɗa ba. Da La'asar ya tafi majalisa da rasit ɗin a hannu yana fifita da shi. "Maza sun biya," in ji shi, yana kallon Rabi'u. Girman kai rawanin tsiya, kuma Wada ya iya naɗi.

Shekara ta zagayo kamar yadda aka ce za ta zagayo, haraji ya ninka. A wannan karon babu zinare. Uwar Asiya na kwance ba lafiya a Sudan, rabin albashi can yake tafiya. Asiya ta ƙara aikin kwana, ta rage cefane, ta ci adashi, abin da ta tara ya tsaya a kuɗin yara biyu. Na ukun babu. Iƙamar Wada za ta ƙare a watan Muharram, daidai lokacin da Salwa za ta shiga ajin ƙarshe na sakandare.

Dawuda ya zo shagon da hantsi, lokacin ba kowa. Ya jingina da gilashin agogo ya rage murya.

"Ustaz, ka bar wasan nan. Ka zo gobe da sassafe, ni zan shigar da ku. Wallahi ba wanda zai ji daga bakina."

Wada ya daɗe yana goge wani agogo da ba ya buƙatar gogewa. A ƙarshe ya ce, "Don Daktora kawai."

A yi masa adalci, ya je. Ya sa jallabiyarsa mai ruwan toka wadda ba a san shi da ita ba, ya bar rawani a gida, suka hau tasi shi da Asiya. Ya shiga harabar Jawazat yana sunkuyar da kai kamar mai bin bashi ya hango shi. Saura taku kaɗan su kai ƙofa sai ga mutum ya fito da takardu a hannu. Rabi'u ne, ya zo karɓar wa ƙaramin ɗansa kati.

Fuskar Rabi'u ta washe. Babu gori a cikinta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ƙona Wada.

"Ustaz! Ka zo? Madalla, wallahi ka kyauta. Taga ta huɗu ce, yau ba layi."

Da ma a ce ya zage shi. Wada ya ji kamar duk majalisar Kudai ce tsaye a gabansa da kofunan shayi. Ya ɗaga kai, ya nemi gemu ya shafa.

"Ni? Haba Rabi'u. Wani bawan Allah na zo duba wa takarda. Ka san mutane ba sa barina in huta."

Ya juya ya nufi titi. Asiya ta tsaya a wurin da jakar takardun yara a hannu, tana kallon bayansa, har Dawuda ya fito nemansu.

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Kwana uku bayan haka Wada ya tara iyalinsa a falo bayan sallar Juma'a, ya yi gyaran murya irin ta masu wa'azi. Ya ce ya yi dogon tunani. Ya ce abin kunya ne a ce 'yar Bahaushe ba ta iya gaida dattawa da harshen ubanta ba. Ya ce Salwa za ta tafi Ɗanbatta wurin yayansa Isa, ta san danginta, ta ƙarasa karatunta a can. Bai ambaci haraji ba ko sau ɗaya.

Salwa ta yi dariya da farko, don ta saba Abuya ya faɗi abin dariya da fuskar gaske. Da ta dubi uwarta sai dariyar ta tsaya.

"Abuya, saura shekara ɗaya fa. Sana wahda bas. Ni ban san kowa a can ba."

"Za ki san su."

"Makarantar can da Turanci suke yi. Ni ban iya ba, Abuya."

"Halas. Na gama magana."

Asiya ta ce, a gaban yaran, abin da ba ta taɓa yi ba, "Ka ji tsoron Allah, Wada. Saboda 'yan shayi za ka kori 'yarka?"

Ya tashi ya shige ɗaki. Abin ya yi masa ciwo, wannan ba shakka. Kwana biyu bai iya cin abinci sosai ba. Amma tsakanin ciwon rabuwa da Salwa da ciwon a kira shi da sunan da shi da kansa ya ƙirƙiro, ya auna, ya zaɓi wanda yake ganin zai iya ɗauka. Bai tsaya ya tambayi wanda Salwa za ta iya ɗauka ba.

Takardar fita ta ƙarshe, wadda suke kira huruj niha'i, a waya ake yin ta. Wada ya yi ta dangwale-dangwale bai gane ba. Ƙarshe sai ya miƙa wa wadda ta saba yi masa. Salwa ta karɓi wayar, ta nemo sunanta a cikin sunaye ukun, ta danna, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. A filin jirgin Jidda ya ɗaura mata sabon agogo daga shago, ya ce ya saita mata shi a lokacin Makka don ta riƙa tunawa da gida. Ta ce, "Shukran, Abuya." A majalisa kuwa ya ba da labari cewa ya tura Daktora ƙaro ilimi Najeriya.

Labarin da ya riƙa zuwa daga Ɗanbatta ba na ƙaro ilimi ba ne. Isa ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kai ta makarantu biyu. Duk suka dubi takardunta na Larabci, suka gwada ta da Turanci, suka ce sai dai ta koma baya aji uku. Ta ce ba za ta zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannenta ba, ta yi kuka, aka ce a bari sai wata shekara. Ta zauna a gida tana taya matar Isa aiki. Asiya kaɗai take kira a waya. In uban ya karɓa, sai gaisuwa, sai shiru.

Sati bakwai da tafiyarta, kafilin Wada ya shigo shago da wani matashi ɗan ƙanwarsa. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce doka ta zo, shagunan agogo yanzu sai da ɗan ƙasa a bayan kanta, shi kuma shagonsa bai isa ciyar da mutum biyu ba. Ya ba Wada wata biyu ya nemi wani kafilin, in bai samu ba sai fita ta ƙarshe. Ya karɓi makulli cikin mutunci, har da addu'a.

Wada ya zaga Kudai kaf, ya leƙa Aziziyya, ya je har wurin masu kwangilar sharar Muzdalifa da a da yake cewa aikin marasa ilimi ne. Kowa ya dubi furfurarsa ya ce sai dai wani jiƙon. Ya fara tunanin Ɗanbatta da gaske, ba ta agogo ba. Ba shi da gida a can, ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Abin da yake da shi kawai labarin da ya shekara ashirin da takwas yana aika wa Isa, na shago da gidan bene. Ya hango kansa yana sauka daga mota da akwati ɗaya.

Ya nemi Dawuda da kansa, a bayan masallaci.

"Hanya ɗaya ce," in ji Dawuda. "Ma'aikaciyar asibiti tana iya riƙe mijinta a katinta. Kai da Luƙman da Minnatullah duk ku koma ƙarƙashin Ummu Salwa. Amma na san ra'ayinka, Ustaz, ba sai na..."

"Gobe suna buɗewa ƙarfe nawa?"

Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Mutumin da ya ce sai dai ya mutu bai ko yi zazzaɓi ba. Washegari shi ya riga Asiya shiryawa, da farar jallabiya da rawani, yana tsaye a bakin ƙofa yana ce mata ta yi sauri kada layi ya taru. A harabar Jawazat bai sunkuyar da kai ba, bai duba ko akwai wanda ya san shi ba. Da a ce Rabi'u da majalisar Kudai gaba ɗaya suna wurin, da ta tsakiyarsu zai ratsa.

Ƙarfe goma daidai aka kira lambarsu a taga ta huɗu. Ma'aikacin ya karɓi takardu, ya duba, ya turo wata ya nuna wuri da yatsa. Wada ya sa hannu. Hannun bai yi rawa ba, alƙalamin bai ƙi rubutu ba, rufin ofis bai faɗo ba. Aka buga hatimi aka ce, "Na gaba."

A bakin ƙofa Asiya ta tare Dawuda ta tambaye shi abin da ya kawo ta tun farko: yanzu da katinta ya buɗe, za a iya dawo da Salwa? Dawuda ya kawar da kai. Ya ce da tana ƙasar, da yau ta shiga tare da ƙannenta. Amma ta fita da huruj niha'i, ga shi ta cika sha takwas a watan jiya. Sabuwar biza ce za a nema daga farko, kuma shi dai a iya yawonsa bai ga an ba mai shekarunta cikin sauƙi ba. Zai gwada, amma kada ta sa rai.

Wada na gefe yana gyara rawani, ransa wasai, har ya fara cewa, "To alhamdu lillahi, ai komai ya zo da sauƙi, ashe ma ba wani..."

Asiya ta juyo. Shekara goma sha tara tana rufa masa asiri, yau ba ta ɗaga murya ba ma. Ta kamo hannunsa na hagu, ta juya shi, ta nuna masa agogonsa na sama.

"Duba da kyau, kai ne mai agogo. Minti nawa sa hannun nan ya ci? Minti huɗu. Abin da ka hana Salwa kenan, Wada. Minti huɗu."

Ta sake shi ta nufi titi neman tasi, don tana da aiki ƙarfe sha ɗaya. Wada ya bi hannun nasa da kallo. Idonsa ya sauka a kan agogon ƙasa. Takwas da 'yan mintoci a Ɗanbatta, lokacin da yaran gidan Isa suka gama ficewa makaranta, suka bar Salwa da tsintsiya a tsakar gida.